Hukuncin Na'urar Da Ke Tsintar Miyagun Maganganu



A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani ma'aikacin gwamnati wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Tambayarsa kashi biyu ce. Ya ce ya ji labari kamfanonin da ke da dandalin sada zumunta a intanet, irin su Facebook da YouTube da TikTok, sun kafa na'urori masu bin abin da mutane ke rubutawa, suna tsince kalaman ƙiyayya da na tunzura jama'a suna gogewa. To, wannan bai shiga cikin tajassusi ba, watau binciken asirin mutane wanda Allah Ya hana a cikin Suratul Hujurati? Na biyu kuma, in shi da kansa ya ga wani Musulmi ya rubuta maganar da za ta iya tada fitina, ya latsa wurin da a ke kai ƙara, ya zama annamimi ke nan?

Malamanmu sun hore mu da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Saboda haka za mu fara da bayanin yadda wannan na'ura ta ke aiki, gwargwadon abin da zai wadatar da ɗan kasuwa da ma'aikaci.

Asalin abin yawa ne ya kawo shi. Tun shekarar 2023 masu shiga Facebook kaɗai a kowane wata suka haura mutum biliyan 3, kamfanin kuwa ya sha faɗin cewa masu duba masa rubuce-rubuce kimanin 15,000 ne. Wanda ya iya lissafi ya raba, zai ga kowane mai duba guda yana da mutum 200,000 a wuyansa. Babu idon da zai iya wannan. Sai suka koma ga abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira, ko da shi ke mu muna ganin sunan ya fi abin girma, domin ba ta da hankali irin wanda shari'a ta ɗora wa nauyi. Ga yadda a ke yi: a tara rubuce-rubucen mutane dubu bisa dubu, a ba waɗansu ma'aikata su karanta ɗaya bayan ɗaya suna sa alama, wannan zagi ne, wannan kiran kisa ne, wannan ba kome. Sa'an nan a zuba wa kwamfuta wannan tarin bayanai, ita kuma ta yi ta ƙididdige waɗanne kalmomi ne su ke yawan zuwa tare a cikin mugun rubutu, waɗanne ne a cikin mai kyau. In sabon rubutu ya zo sai ta ba shi maki bisa ga yadda ya yi kama da abin da ta saba gani. Misalinta kamar yaron ɗan canji ne a Wapa, wanda saboda yawan takardun kuɗin da suka bi ta hannunsa, da ya taɓa jabu sai yatsansa ya gaya masa. Amma ka miƙa masa kuɗin ƙasar da bai taɓa riƙewa ba, ka ga ikon Allah.

Bayan makin kuma akwai iyakar da mutane ne su ke sa ta, su ce daga maki kaza a goge, daga kaza a miƙa wa mutum ya duba. Wannan kamar rariya ce. In idonta ya yi faɗi tsakuwa ta wuce, in ya yi ƙanƙanta a zubar da tsaba tare da dusa. Babu wata rariyar da ta kuɓuta daga ɗayan biyun nan.

Ba za mu tauye wa na'urar haƙƙinta ba. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ɗan ta'adda ya shiga masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan ya kashe masallata 51, Allah Ya jiƙansu, yana kuma watsa hoton ɓarnarsa kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce a cikin sa'o'i 24 na farko ya cire kwafin wannan hoton bidiyo miliyan 1.5, fiye da miliyan 1.2 daga ciki an tare su tun a bakin ƙofa kafin kowa ya gani. Wannan aikin alheri ne wanda hannu ba zai iya ba. Sai dai a lura, watsawar farko ta wuce na'urar ba ta farga ba, domin ba ta taɓa ganin irinta ba. Abin da ta ƙware a kai shi ne gane abin da aka riga aka nuna mata, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a cikin garke dubu.

Akwai kuma wani lissafi da kamfanin ya ke alfahari da shi, wanda ya kamata 'yan kasuwa su duba da idon ciniki. Ya ce a ƙarshen 2017 kimanin kashi 24 cikin 100 na kalaman ƙiyayyar da ya cire na'ura ce ta fara gano su kafin wani ya kai ƙara, a ƙarshen 2020 kuwa abin ya kai kashi 97. Madalla. Amma wannan kamar mai gadi ne ya ce, a cikin ɓarayi ɗari da aka kama, casa'in da bakwai karensa ne ya yi musu haushi. Bai gaya mana ɓarayi nawa suka tsallake katanga da kaya ba. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna waɗansu masu binciken kamfanin suna ƙiyasta cewa abin da a ke kamawa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, ko da shi ke kamfanin ya musa yadda aka fassara wannan adadi.

Inda abin ya fi ba da tsoro shi ne harsunan da ba a tara wa na'urar bayanansu ba. Dattawanmu sun san ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar, domin sojojinmu sun yi yaƙi a yankinta na Arakan a 1944 da 1945. A wannan yankin ne Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya su ke zaune, kuma daga watan Agusta na 2017 fiye da 700,000 daga cikinsu suka gudu Bangaladash saboda kisa da ƙone-ƙone. Shekaru kafin nan ana ta zuga mutane a kansu a Facebook da harshen Bama, alhali binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2018 ya nuna cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal ne masu jin harshen a cikin masu duba rubutun. A watan Nuwamba na 2018 kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Da kuma aka tashi gyara a 2017, aka hana wata kalma ta wulaƙanci da a ke jifan Musulmi da ita, sai ga shi ana goge rubutun masu maganar kujera da na masu maganar wani irin wake, domin sunayen waɗannan a harshensu da wannan lafazin su ke farawa. Mai kiran kisa da ya iya sakaya zance ya wuce, mai maganar wake an kama shi.

Larabci ma, duk da yawan masu magana da shi, bai tsira ba. A watan Oktoba na 2017 wani lebura Bafalasɗine ya sa hotonsa yana jingine da motar ture ƙasa a wurin aikinsa, ya rubuta kalma guda ta gaisuwar safe irin ta bakin mutanensu, wadda ma'anarta Allah Ya wayar musu da gari lafiya. Na'urar fassara ta Facebook ta juya ta zuwa Ibrananci da ma'anar a kai musu hari. 'Yan sandan Isra'ila suka kama shi suka yi ta masa tambayoyi na sa'o'i, ba tare da wani mai jin Larabci ya karanta rubutun ba kafin kamun. Daga baya aka sake shi, kamfanin ya ba da haƙuri. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya yi sarfu zai gane asalin kalmar daga subahi ne, watau safiya. A watan Mayu na 2021 kuma, a ƙarshen azumi, Instagram ya riƙa ɓoye rubuce-rubucen da ke ɗauke da sunan Masallacin Aƙsa, kamfanin ya ce kuskure ne, an rikita sunan masallacin da na wata ƙungiya mai ɗauke da makamai.

Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce kalmar shahidi. Dokar kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram, ta kasance tana ɗaukar wannan kalma a matsayin yabo duk sa'ad da aka haɗa ta da sunan wanda ke cikin jerin mutanen da suka ce masu haɗari ne, sai a goge. A watan Maris na 2024 hukumar sa ido da kamfanin ya kafa da kansa ta bayyana cewa babu kalmar da ta jawo goge rubutu kamar wannan, ta kuma ba da shawara a daina hana ta a dunƙule, a watan Yuli na shekarar kamfanin ya amince. Mu da muka yi karatu a cikin wannan harshe mun san faɗin kalmar. Wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya faɗa wa, da wanda ciwon ciki ya kashe, da macen da ta rasu wajen haihuwa, duk hadisai sun sa su cikin masu shahada. Larabawa Kirista ma suna amfani da ita, 'yan jarida kuma suna faɗinta a cikin labari ba da nufin yabo ba. A nan laifin bai tsaya ga na'ura ba, wanda ya ba ta ƙamus ne bai san harshen ba, ita kuma ta yawaita kuskurensa sau miliyoyi.

Wannan matsala malaman fiƙihu sun riga sun yi mata babi tun da daɗewa. Sun raba magana zuwa sarihi, watau wadda ta fito fili, da kinaya, da ta'aridi, wanda Bahaushe ke kira habaici ko gugar zana. A babin ƙazafi mazhabarmu ta Malikiyya tana tsayar da haddi a kan ta'aridi in an gane abin da a ke nufi, kamar mutumin da ana cikin faɗa ya tsaya yana wanke iyayensa daga alfasha, alhali duk wanda ke wurin ya san iyayen abokin faɗansa ya ke jifa. Hanafawa da Shafi'awa ba su ga haddi a kan wannan ba. To, ku duba, lafazin mutumin nan tsarkakakke ne, babu kalma guda ta zagi a ciki. Abin da ya mai da shi laifi shi ne wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a wane hali. Wannan shi ne ƙarina, kuma don ita a ke bukatar alƙali mai sanin al'adar garin da ya ke hukunci. Manyan malamai sun saɓa a kan wannan wuri saboda santsinsa, ina ga abin da ƙirga kalmomi ne aikinsa?

Hausa kuwa harshen habaici ne da zambo da shaguɓe. Mai son tada fitina a garinmu ba ya cewa a kashe wane. Cewa ya ke yi lokacin shara ya yi, ko kuwa baƙin nan sun isa, kowa kuma ya gane. A ɗaya gefen, Bafillace da Babarbare za su haɗu kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, haka Bakano da Bazazzage, haka Bagobiri da Bayarabe, haka kaka da jika, alhali wannan wasa ne da ke ƙara danƙon zumunci. Wanda bai sani ba zai rantse gaba ce. Kalmar kashe kanta, muna kashe kuɗi, mu kashe wuta, mu kashe ƙishirwa, har aure a kan kashe. Ga shi yawancin masu rubutu a waya ba su sa ƙugiya a kan haruffa, sai ƙasa da kasa su zama abu guda, suna kuma gauraya Hausa da Turanci da Larabci a cikin jimla ɗaya. Da yawa ma ba su rubutawa, murya su ke aikawa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, hotuna masu tada hankali sun yi ta yawo a Facebook ana cewa na kisan da aka yi ne a can. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin hotunan bidiyon tun 2012 aka ɗauke shi a Kongo Barazabil, 'yan sandan jihar kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar da ta ci rayukan matafiyan da aka tare a hanya. A lokacin, in ji rahoton, mutum huɗu ne ke aikin tantance labaran ƙarya na cikakken lokaci ga masu shiga Facebook miliyan 24 a Nijeriya.

Akwai waɗanda suka fara ɗaukar wannan nauyi. Masu bincike na Afirka, da Hausawa a cikinsu, sun fitar da wani tarin bayanai a 2025 mai suna AfriHate, na kalaman ƙiyayya da zagi a harsuna 15 har da Hausa, wanda masu jin harsunan ne suka sa wa alama. Muna ganin irin wannan aiki ya kusanci farilla ta kifaya, kuma ya kamata ɗaliban Hausa da na Larabci da na shari'a su shiga cikinsa, domin in ba mu koya wa na'urar bambancin wasan taubasai da kiran yaƙi ba, wanda bai san ko ɗaya ba ne zai koya mata. Aikin kuwa ba mai daɗi ba ne. Masu duba rubutun harsunan Afirka da aka tara a Nairobi, har da masu duba na Hausa, sun kai ƙara kotun Kenya a 2023 bayan an sallame su, suna kuma kukan abin da kallon yanka da fyaɗe dare da rana ya yi wa zukatansu.

Yanzu mu komo ga tambaya ta farko. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sa a cikin sharuɗɗan hisba cewa abin ƙin ya kasance a bayyane ba tare da an yi bincike ba. Abin da mutum ya rubuta a shafin da kowa ke gani, hukuncinsa hukuncin wanda ya tsaya tsakiyar kasuwa ne ya ɗaga murya. Sarkin kasuwa da ya ji shi bai yi leƙen asiri ba, kuma mai rumfa yana da ikon hana a yi zagi a rumfarsa. Saboda haka bin irin wannan rubutu da na'ura ba tajassusi ba ne. Amma saƙon da ke tsakanin mutum da matarsa ko abokin cinikinsa, wannan cikin gida ne, ba a haura masa katanga. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 450, ya togace wuri guda, watau inda amintacce ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wanda ya keɓe da wani don ya kashe shi. Wannan togaciya a kan mutum sananne ce bisa labari tabbatacce, ba izini ba ne na a saurari al'umma duka ko a dace da mai laifi. Tun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonninsa yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa, kuma mu ba mu goyon bayan masu kiran a buɗe, ko da shi ke mun san irin ƙaryar da ke yawo a can.

Abin da mu ke jan kunnen ma'aikata a kai, musamman waɗanda wata rana za a kawo wa takardar sayen irin wannan na'ura su sa hannu, shi ne su tambayi wa zai rubuta ma'anar mugun zance. Faɗa wa azzalumin shugaba gaskiya magana ce mai ɗaci, kuma na'urar da aka koya wa cewa duk mai ɗaci mugu ne za ta fara da malamin da ke kan mumbari. Kuma makin da ta bayar tuhuma ce kawai. Ba ya halatta a tsare mutum, ko a kore shi daga aiki, ko a rufe shafin da ya ke neman abincin iyalinsa da shi, sai mai hankali mai jin harshen ya karanta, an kuma ba wanda a ke tuhuma dama ya kare kansa.

Tambaya ta biyu ta ƙara nauyi tun 7 ga Janairu 2025, ranar da shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya ba da sanarwar cewa na'urorinsu za su mai da hankali ga manyan laifuffuka, ƙananan kuwa sai an kawo ƙara. Annamimanci shi ne ɗaukar magana daga wani zuwa wani don a ɓata tsakaninsu. Kai ƙarar rubutun da ke kiran a far wa mutane, ko ya jingina wa wani laifin da zai sa a kashe shi, bai shiga nan ba. Imam Nawawi ya lissafta wurare shida da ambaton aibin mutum ya ke halatta, daga ciki akwai neman taimako don kawar da abin ƙi, da gargaɗin jama'a daga sharri. In ka san mai rubutun kuma akwai sarari, ka kira shi ka yi masa nasiha tukuna, sau da yawa shi da kansa zai goge. In kuwa wuta ta riga ta kama, ka kai ƙara nan take, ko da na gidanku ne ya rubuta, ko da kuwa waɗanda a ke zuga mutane a kansu ba Musulmi ba ne, domin jinin maƙwabci haramun ne.

Wanda ya haramta shi ne abin da mu ke gani yanzu, a tara almajirai a ce su yi taron dangi su kai ƙarar shafin malamin da aka saɓa da shi a kan mas'ala, ko ɗan kasuwa ya sa yaransa su yi wa abokin gasarsa haka don a rufe masa shafi kwana biyu kafin salla. Wannan ɗan'uwan shaidar zur ne, kuma duk asarar da ta biyo baya tana wuyan wanda ya shirya da wanda ya latsa. Allah ne Mafi sani.

Wasiƙar ɗan kasuwar da ya yi tambaya a kan kuɗin tallan da waɗannan dandali ke biyan masu shafi ta iso, za mu duba ta mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.